Haƙori Ɗaya Ya Tsallake

Zuwa ga ɗana Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida kawunka Bishir da iyalinsa, waɗanda suka ba ka wurin kwana yau kwana tara ke nan. Da fatan kuna lafiya, Allah ya tsare ku daga dukkan abin ƙi. Mu ma nan lafiya lau muke, in ban da uwarka da ta daina yi mani magana. Sai ta dire mani kwanon tuwo ta juya, kamar ni kaɗai ne mai laifi a gidan.

Kada ka ɗauka lallashinka na zo yi. Raina a ɓace yake, kuma sai na faɗi abin da ke cikina. Bishir ya gaya mani ranar Asabar bayan asuba za ka bi ayarin sabon ɗan majalisar nan zuwa Abuja, kai ne za ka riƙa kula mashi da motoci. To, madalla. Tunda sojoji suka koma bariki kowa ya zama Onarabul, kowane Onarabul kuma ya jera motocin Kwatano a ƙofar gida, dole su nemi bakanike. Ban hana ka aikin ba. Amma a ce shekara goma sha uku kana ƙarƙashin hannuna a gareji, sannan labarin tafiyarka in ji shi a bakin ƙanen uwarka? Haba Lawal!

Wannan ma ba shi ne ya fi ƙona mani rai ba. Shekaranjiya ina zaune kan benci, sai Ɗahiru mai wayarin, maƙwabcin rumfarmu, ya zo ya zauna kusa da ni yana ta kame-kame. Na ce, “Ɗahiru, in magana ce da kai ka faɗa, ba ni da lokacin shiririta.” Ya ce, “Malam Sada, don Allah kada ka ji haushi. Kai kaɗai ne ba ka sani ba a layin nan.” Na ce, “Ban san mi ba?” Ya ce, “Farin fentin nan da kake gani a kan alamar taimin, Lawal ke sa maka shi. Duk motar da ta shigo, kafin ka iso ya wanke wurin ya ɗiga fenti mai kauri yadda za ka gani. In ka ɗaura bel kuma, sai ya ce maka an kusa kiran salla, ko ya ce mai kayan gyara na nemanka. Kana juya baya ya sake dubawa. Shekara uku ke nan.”

Shekara uku! Ashe shekara uku ina yawo a Ƙofar 'Yandaka ina buga ƙirji, ina cewa babu mai ɗaura taimin kamata a Katsina, alhali mai faci ya sani, mai walda ya sani, har mai shayin bakin titi ya sani. Ina wucewa ana “Sannu Oga, sannu da aiki,” ana haɗa ido a bayana. Ni za ku mai da abin tausayi? Ni da na fara riƙe sifana tun uwarka na tallar gyaɗa? Wallahi da Ɗahiru ya gama magana ji na yi kamar in tashi in kife bencin da shi. Ban ci abinci ba ranar.

Amma tunda tafiya za ka yi, kuma ban san ranar da za mu sake zama wuri ɗaya ba, akwai abubuwan da na binne da ya kamata ka ji daga bakina. Na daɗe ina ba ku labarin motocin da na tayar bayan kowa ya gaza. Waɗanda na kashe kuwa ban taɓa ambatonsu ba. Ka yi haƙuri da girman rubutun nan, ya ci mani takarda da yawa, za ka gane dalili kafin ka kai ƙarshe.

Ni a kan Fijo na koyi aiki, wurin marigayi Malam Ɗan'azumi. Fijo sarƙar ƙarfe ke gare ta, ita ke haɗa ƙasan inji da samansa don fistin da bawul su riƙa motsi a kan ƙa'ida, wannan ya hau wancan ya kauce, abin da muke kira taimin ke nan. Sarƙa takan yi shekaru ba ta nemi kowa ba. Sauran gyara da kunne muke yi. Malam yakan karkata kai ya saurari inji ya ce, “Shina gaggawa, maido shi baya kaɗan,” shi ke nan an gama. Na tashi da wannan girman kan, cewa kunnena ya ishe ni.

Zamanin farar hula na baya, kafin sojoji su sake karɓa, kana ɗan shekara takwas ko tara, sai ƙananan motoci 'yan Japan suka fara shigowa gari. Wani hedimasta, Malam Nuhu, ya kawo mani tasa. Motarsa ta farko ke nan a duniya, ya saye ta hannun wani ma'aikaci. Ya ce an shawarce shi ya canza bel kafin ya yi doguwar tafiya, don jibi zai je Kano ya ɗauko mahaifiyarsa da za ta sauka daga aikin Hajji. An riga an aika wa tsohuwa cewa ɗanta ya yi mota, a cikinta za ta shigo Katsina. Da na buɗe murfin gaba na ga roba mai haƙora a wurin sarƙa, dariya na yi. Na ce, “Malam, wannan ai igiyar wando ce. Je ka sha shayi ka dawo.”

Na fizge tsohon bel ban tsai da inji a kan alama ba. Ban ma nemi alamar ba. Ina kokawar sa sabon, fulin sama, wato faifan da bel ke hawa a kai, ya juya a hannuna, na mai da shi da ido inda nake zaton yake. Na ɗaure. Malam Nuhu ya dawo yana duba agogo, ni kuma ina son in burge shi. Na zauna na murɗa makulli. Ƙarar da na ji ba ta kai ƙiftawa biyu ba, ƙas-ƙas, sai shiru. Fistin ya hau ya tarar da bawul a buɗe. Da na sauke kan inji washegari, bawul huɗu sun lanƙwashe, kuma ba a samun irinsu a Katsina lokacin.

Ka san abin da ubanka ya ce? Cewa na yi bel ɗin jabu ne. Malam Nuhu ya ɗauke ni muka je shagon da ya saya, ya zage mai shagon tas a gaban jama'a, ya kira shi macuci. Mutumin nan yana rantsuwa yana kallona, yana cewa, “Oga, kai ka san aiki, duba shi ka faɗi gaskiya.” Na sunkuyar da kai na ce ni dai abin da na gani ke nan. Tsohuwa kuwa a motar haya ta dawo, an cusa ta tsakanin buhuna da kayan mutane. Ba ta yi wata biyu ba ta rasu, motar ɗanta na kan duwatsu a rumfata, ba ta taɓa shiga ba.

Don haka ka ji da kyau. In ka ɗaura bel, kada hannunka ya kusanci makulli. Cire fulogai, sa sifana a kan babban ƙusan fulin ƙasa, ka juya inji da hannunka ta inda yake juyawa in yana aiki, zagaye biyu cikakku. Biyu, don sai ƙasa ya zaga sau biyu sama ke zaga sau ɗaya. In ya cije, tsaya. Kada ka ƙara ƙarfi, kada ka sa bututu a sifana, ƙarfe ne ke gaya maka ya haɗu da ɗan'uwansa. Na san ka san wannan, ni na koya maka, da zagi ma. Amma ba ka san gidan manya ba. Can za a tsaya maka a ka, direba na huci, ɗan sanda na buga ƙafa, wani ɗan koren siyasa da bai san fulogi daga tuƙa-tuƙa ba yana cewa, “Oga na jira!” To, Oga ya jira. Zagaye biyun nan ba su kai tsawon shan kofin shayi ba, kuma ranar da inji ya fashe duk masu hucin nan za su ce ba su taɓa ganinka ba.

Na biyu kai ma ka san rabinsa. Motar Alhaji Mamman mai hatsi na Babbar Kasuwa, jar nan 'yar Jamus, lokacin wahalar mai, da mutum ke kwana biyu a layi. Ranar da ya kawo ta na aike ka Kano sayo kaya, ni kaɗai ne a kanta. Motar Kwatano ce, ta bi hannun kanikawa ba iyaka kafin ta iso mu, kuma kowa ya bar tambarinsa a fuli. Akwai ɗigon farin fenti, akwai ja irin na farcen mata, akwai wani karce da ƙusa. Alamar gaskiya, wadda maƙeran injin suka buga, ɗan tsagi ne siriri da baƙin mai ya rufe. Na leƙa, na sake leƙawa, ban gan shi ba. Farin fenti shi ne ya fito mani sosai, sai na bi shi.

Na juya da hannu bai cije ba. Na tayar, ya tashi, amma kunnena ya gaya mani akwai magana. Injin na rawa, ba ya amsa totur yadda ya kamata. Abin da ya dace in sake buɗewa in duba. Maimakon haka sai na sassauta distiributa, wato abin da ke raba wa fulogai wuta, na murɗa shi har rawar ta lafa. Wannan ai rufa-rufa ce, kuma na san rufa-rufa ce ina yin ta. Alhaji ya biya ya tafi yana sa mani albarka.

Sau uku yana dawowa. Mota ba ta hawa tudu, mota na zafi, mota na shan mai kamar an huda tanki, a lokacin da galan ɗaya sai da roƙo. Ni kuma kowane zuwa sai in wanke kafireta in canza fulogi, don in na buɗe gaban injin na amsa laifina ke nan. A zuwa na uku na dafa bonet na ce, “Alhaji, injin nan ya gaji. In ka samu mai saye ka rabu da ita.” Ya yarda da ni, don shekara ashirin ina mashi aiki. Ya sayar da ita araha ga wani malamin makaranta.

Sai Allah ya nufa malamin ya kawo ta rumfarmu, kai kuma kana nan. Ina kallo ka buɗe murfi, ka jiƙa tsumma da fetur ka goge fentin nan kaf, fari da ja, har tsagin gaskiya ya fito. Ka sassauta bel ka matsar da haƙori ɗaya, ka mai da distiributa mazauninsa. Ko awa ba ka yi ba. Motar ta tashi lafiya lau. Ka ɗago ka dube ni, na kau da kai, ka ci gaba da aikinka. Har yau motar nan tana wucewa ta gaban rumfar Alhaji Mamman da gudu, shi kuma har yau in ya gan ni sai ya taso ya ba ni hannu. Yanzu da na lissafa, daga wannan makon ne na fara samun farin fenti mai kauri a kan kowace alama, ni kuma ina cewa sa'a nake yi.

To ga abin da zan gaya maka. Kada ka yarda da fentin kowa, ko nawa ne. Motocin Onarabul ɗinka duk Kwatano ne, kowace ta zo da ƙaryar kanikawa goma a jikinta. Goge komai ka nemi tsagin asali, na ƙasa da na sama, ka kawo fistin na ɗaya can ƙololuwa, ka tabbata hancin distiributa na kallon wayar fulogi na ɗaya, kafin ka taɓa tsohon bel. In ka cire shi kada ka bar fuli ko ɗaya ya motsa. Sabon kuma kada ka naɗe shi, kada mai ya taɓa shi, in akwai kibiya a bayansa ka bi ta. Ka fara ɗaurawa ta gefen da babu ajasta, wato abin da ke danne bel, ka ja shi ya miƙe sosai, duk sakin ya taru a gefen ajasta, don ta nan haƙori ke tsallakewa. Bayan zagaye biyu ka sake duba alamomin, duka biyun. In inji ya tashi kunnenka bai gamsu ba, buɗe ka sake. Kunyar sake buɗewa ta rabin awa ce. Ni tawa ta shekara uku ke nan ina ɗauke da ita duk sanda na shiga kasuwa.

Akwai kuma na ɗan kwangilar nan mai kurin shi abokin gwamnan soja ne. Na ji ajastarsa, ƙaramin fulin da ke danne bel, tana ƙara da na juya ta da yatsa, ga mai na tsattsafowa ta bakin fulin sama. Na ce, “Ranka ya daɗe, gara a canza su tare.” Ya zare mani ido ya ce, “Bel na ce ka sa. Ku kanikawa ba ku da aiki sai ƙirƙiro ciwo.” Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Wannan “to” ɗin shi ne laifina. Sati uku ajasta ta kama a hanyar Dutsin-ma, bel ya tsinke, 'ya'yansa mata biyu na ciki za a mai da su makaranta, suka yini a daji cikin rana. Ya zo nan ya kira ni jaki a gaban yarana, kuma bai tuna ya hana ni komai ba. Manya ba sa tuna abin da suka hana. In ka ga ajasta ko famfon ruwa ya mutu, faɗa sau ɗaya da ladabi, faɗa na biyu a gaban shaida. In an ƙi, ka ajiye sifana ka ce ba za ka ɗaura ba. Za a ji haushinka yini ɗaya, ba zai kashe ka ba.

Kuma tunda na tuna, in ka je can za ka tarar da Kanawa da Zagezagi suna kwaikwayon bakinka suna dariya. Ka bar su su yi. Kada in ji ka dawo kana lanƙwasa harshe. Salla kuma ba ta jiran mota ta tashi, ko da yake wannan ba sai na gaya maka ba, kai da ka shekara uku kana kora ni masallaci tun ladan bai yi alwala ba.

Saura maganar ranar nan, wadda ta fitar da kai daga gida. Hajiya Rabi ungozoma ta kawo motarta canjin bel, ta zauna kan benci tana jira don da yamma take shiga aiki. Ni na sa ka ƙarƙashin wata motar tun safe, ba ka samu sararin zuwa kusa da tata ba. Na ɗaura, na juya, na sa hannu a aljihu zan ciro makulli. Sai ga ka ka fito daga ƙarƙashin mota, ka leƙa ta kafaɗata, ka ce, “Baba, dakata. Haƙori ɗaya ya tsallake.” A hankali ka faɗa, na sani. Amma Hajiya ta ji, Ɗahiru ya ji, ni kuma jini ya hau mani ka.

Na ce, “Ni za ka koya wa taimin? Kai yaro, ni?” Ka ce, “Baba, ba haka nake nufi ba, ka dai duba.” Ka dai duba! Da ka san abin da kalmar nan ta yi mani, da ba ka faɗe ta ba. Na ɗaga murya yadda duk layin zai ji na ce, “Wallahi muddin ina numfashi ba zan yaye ka ba. Ka je wanda ya fi ni iyawa ya yaye ka.” Ka ajiye sifana a kan taya, ka goge hannu da tsumma, ka ce, “Allah ya huci zuciyarka, Baba,” ka tafi. Da ka yi mani rashin kunya da na samu abin riƙewa. Ko wannan ba ka bar mani ba, kuma shi ma yana cikin abin da nake jin haushi.

Kowa a sana'ar nan ya san yaro shekara biyar yake yi, in ya daɗe shida, a tara dattawan kanikawa a yi addu'a, ubangidansa ya miƙa mashi akwatin kayan aiki ya ce ya yaye shi. Wanda ba a yi wa haka ba, ko ya tsufa yaron wani ne. Na yaye Sabi'u da ya zo bayanka da shekara huɗu. Na yaye Iliya da har yau ba ya bambance ƙarar bawul da ta salansa. Kai kuwa duk sanda uwarka ta tayar da maganar sai in ce, “Bai gama gane taimin ba.” Sau nawa ka ji na faɗi haka ka haɗiye?

Ƙarya nake yi. Ka fi ni gane taimin tun kafin motar Alhaji Mamman. Idona ne ya tafi, Lawal. Ya fi shekara huɗu da na fara ganin kamar an shafa wa gilashi man shanu, na hagu ya fi muni. Fuskar mutum ina ganewa, babban ƙusa ina gani, amma ɗan tsagin nan ya ɓace mani. Ban gaya wa uwarka ba, ban gaya wa kowa ba. Na san duk ranar da na yaye ka za ka buɗe rumfarka, ni kuma in zauna da injin da ba na gani. Sai na ɗaure ka da ƙaryar ba ka iya ba. Shekarunka talatin saura kaɗan, sa'o'inka suna da rumfuna da yaransu, kai ana aiken ka sayo goro. Ina zaton ni ke ɓoye maka ciwona, ashe kai ke ɓoye mani cewa ka sani. Da ka ce “ka dai duba”, ai ba abin da zan duba da shi.

Har yanzu ina jin haushinka, kada ka yi zaton ya wuce. Da ka same ni a ɗaki tun shekara uku ka ce, “Baba, idonka,” da na zage ka, da na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarka, sannan mu je asibiti. Ka zaɓi ka rufa mani asiri har asirin ya zama na dukan layi. Wannan ma ka ɗauke shi cikin nasiha. In ka ga babba na kuskure, ka same shi shi kaɗai ka gaya mashi tun abin na ƙarami. Amma laifinka a nan cikin cokali ne, nawa ya cika masaki.

Motar Hajiya Rabi tana nan a rumfa an lulluɓe ta da tamfol. Ban murɗa makullin ba. Ranar ma da na gama ihu, aljihu na mai da shi, na ce mata akwai abin da za a kawo daga Kano. Kwana tara baiwar Allah tana hawa acaɓa zuwa aiki, kullum ta biyo ta tambaya, kullum in ƙara mata wata ƙaryar. Sau uku ina kwance bel ɗin ina sake ɗaurawa ni kaɗai. Na goge fuli da fetur, na bi tsagin da farcen babban yatsana har na ji ya faɗa ciki, na ƙirga haƙora da hannu ɗaya bayan ɗaya. Na juya zagaye biyu bai cije ba. Amma ni da kai mun san haƙori ɗaya ba ya sa inji ya cije. Ina jin daidai ne. Haka na ji a motar Alhaji Mamman ma. Layin nan cike yake da masu ido, ko Sabi'u na aika wa zai zo da gudu, amma ba na son idon kowa a kan wannan sai naka.

Jiya na je wurin liman na gaya mashi rantsuwar da na yi. Ya ce in abin da na rantse zan bari shi ne alheri, in yi shi in yi kaffara. Yau da rana na ciyar da mutum goma, uwarka ce ta dafa, kuma a lokacin ne kaɗai ta yi mani magana, ta ce in matsa mata daga bakin murhu. Na kuma bi dattawan kanikawa rumfa-rumfa na gaya masu su taru ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na sayi goro da dabino. Akwatin kayan aiki ba sabo na saya ba, nawa ne, wanda Malam Ɗan'azumi ya miƙa mani, na zuba maka sifanun da ka fi so. Ni abin da ya rage mani birki ne da kuloci, aikin da hannu ya sani ko ido a rufe. Bishir ya ce Litinin zai kai ni asibitin ido, an ce yanar ido ce, ana iya cirewa. In an dace, to. In ba a dace ba, na bar ɗaura taimin ke nan.

Ka zo ranar Juma'a. Ba umarni nake ba ka ba, na zubar da wannan damar da bakina. Kafin a yi addu'a zan yaye tamfol a gaban kowa, in miƙa maka sifana, ka juya zagaye biyu ka duba alamar da na ɗaura. In daidai ne ka ce daidai ne. In haƙori ya tsallake ka faɗa da ƙarfi yadda mai shayi zai ji daga bakin titi, ba zan buɗe baki ba. Sannan in ba ka makullin, kai za ka tayar. In kuwa ba ka zo ba, ba zan riƙe ka a rai ba, akwatin zai iske ka a mota ta hannun Bishir, Hajiya kuma in gaya mata gaskiya ta kai motarta wani wuri.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin masu gaggawa. Allah ya sa albarka a hannunka, ya bar maka idonka har tsufa, ya ba ka yaran da za su gaya maka gaskiya tun da wuri. Na yafe maka abin da ka yi mani da wanda nake zaton ka yi. Nawa kuma sai yadda ka gani.

A bayan ambulan na sa Bishir ya rubuta sunanka, don nasa rubutun ya fi kyau. Ya tambaye ni mi zai sa. Na ce ya sa Malam Lawal Bakanike.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sada
Ƙofar 'Yandaka, Katsina